Wanda Ke Riƙe wa Inna Jiya

Juma'a, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Jiya aka yi sadakar uku. Yau an naɗe tabarmin ƙofar gida, mutanen Rabah sun tafi, na Goronyo ma sun bi motar safe. Saura mu huɗu: ni, Yaya Abdulgafar, Gwaggo Ikilima ƙanwar Baba, sai Inna.

Ban taɓa ajiye irin wannan littafi ba. A asibiti abin da hannuna ya saba rubutawa zafin jiki ne da awon jini. Amma a gidan nan duk wanda na buɗe wa baki sai ya ce mini "Mashkura, sai haƙuri", ni kuwa na ƙoshi da haƙuri har wuya. Takarda dai ba ta iya faɗin haka ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talata a hanyar Goronyo ba. Duk Wurno an sani, ba sai na ƙara ba.

Abin da ya hana ni cin abinci yau daban ne. Da safe Inna ta yi wanka, ta ɗauko tandun tozalinta a bakin taga, ta zauna ƙofar ɗaki tana sawa. Sai ta ɗago ta ce, "Ina Malam? Har yanzu bai komo daga masallaci ba?"

Muka kalli juna. Yaya ya durƙusa ya gaya mata. Ta yi salati, ta dafa bango, ta yi kukan da ta yi ranar Talata, ba ragi. Har maganganun iri ɗaya ne.

Mun san tana mantuwa. In mun tambaya a waya, Baba ya kan ce, "Tsuhwa na, kowa na da nashi." Ba mu san ta kai nan ba.

Asabar, 27 ga Afrilu, hantsi

Yau ma. Ƙarfe bakwai da kwata.

Lahadi, 28 ga Afrilu, azahar

Gwaggo ta ɗauke tandun tozalin ta ɓoye a lalitarta. Inna ta zagaya ɗaki tana nema, ta ɗaga filo, ta duba cikin kwalla.

Gwaggo ta ce, "Bari nema, Sauda. Mai takaba ba ta sa tozali."

Inna ta ce, "Takabar wa?"

Shi ke nan, aka koma gidan jiya.

Da ta samu barci na ja Gwaggo bayan rumbu. Na ce mata wannan ba tausayi ba ne. Ta ce, "Ɗiyata, wata huɗu da kwana goma na, ba ni na aza shi ba. Ƙaƙa za ta yi takabar da ba ta san tana yi ba? Mi za mu ce ma mutane in sunka gan ta da ido rangaɗau?"

Gwaggo ba muguwa ba ce. Ita ma ɗan'uwanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na ga tana share ido da bakin gyale in ta ɗauka ba mai kallo. Amma na zauna na lissafa: wata huɗu da kwana goma safiya ɗari da talatin ke nan. Ko lafiyayye ba zai iya ɗaukar labarin nan sau ɗari da talatin ba, balle Inna da hawan jininta.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan magariba

Sadakar bakwai. Gida ya sake cika.

Mutanenmu suna da wata al'ada a gaisuwa da ban taɓa lura da ita ba sai yau. Kowa sai ya nuna kwanan nan ya rabu da mutum. "Jiya-jiyan nan munka gaisa bakin kasuwa." "Wallahi awa jiya nig gane shi bisa keke." Da kyakkyawar niyya suke faɗa, na sani. To amma Inna ta huce daga na safe, har ta sha fura, sai wata tsohuwa daga Kwargaba ta riƙe hannunta ta ce mata jiya-jiyan nan. Inna ta ce, "Jiya? Mi as same shi jiya?"

Sau biyu ke nan a wuni ɗaya. Da ba don furfurar matar ba, da na raka ta ƙofa da tsintsiya. Allah ya yafe mini.

Talata, 30 ga Afrilu, safe

Mako ɗaya. Akwai kira ɗaya a wayata na marecen Litinin waccan wanda ban ɗauka ba. Ban goge shi ba, ba na kuma iya kallonsa.

Laraba, 1 ga Mayu, bayan isha'i

Yau na riga Yaya tashi. Da ta tambaya na ce, "Ya tahi Lahodu diba gona, Inna." Ta ce to. Ba kuka, ba salati. Na ji kamar na gano maganin da likitoci suka rasa, har da ɗan taƙama na shiga madafa.

Da rana ta zuba masa tuwo a kwanonsa, ta rufe da faifai. Bayan la'asar ta ja kujera kusa da zaure ta zauna. Duk kukan babur sai ta miƙe. Sau takwas ta tambaye ni ko ya ce zai yi dare. Da aka kira magariba ta ce, "Malam bai taɓa kwana waje bai hwaɗa man ba. Wani abu ya same shi, kuna ɓoye man." Dole Yaya ya gaya mata. Ta yi kukan, ta ƙara da kallon da ta yi mini.

Yaya ya same ni a tsakar gida. Ya ce, "Ƙarya ga uwa, Mashkura? Cikin takaba?"

Na ce, "Gara ni. Kai kullum sahiya kashe mata miji kaka yi."

Ya ɗauki takalminsa ya fita. Bakina ya fi hankalina sauri tun ina ƙarama, Baba ya sha faɗa. Yanzu gaba kura baya sayaki: gaskiya na yanka ta, ƙarya na jigata ta a tsaye.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ni da Yaya ba mu gaisa ba. Yau ma ta tambaya.

Juma'a, 3 ga Mayu, azahar

Zafi ya hana kowa motsi, sai na shiga ɗakin Baba in share. Hularsa na nan a kan ƙusa. Ban taɓa ta ba.

A akwatin littattafansa na sami littattafan rubutu guda bakwai irin na 'yan makaranta, an ɗaure su da zare. A bangon kowanne ya rubuta kalma ɗaya: JIYA. Na buɗe na farko, sai na yi dariya, karo na farko tun ranar. Tsofaffin kalmominsa ne. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci, tsoffin ɗalibansa har yau in sun haɗu da mu sai sun kwaikwayi yadda yake azabtar da su da kalmomin da Turawa da kansu suka binne. Ga yadda ya jera su a shafin farko, da rubutunsa mai kwanciya gefe:

Yestermorn: jiya da safe.
Yestereve: jiya da marece. Mutanen arewacin tsibirinsu suka taƙaita ta, suka ce yestreen. Abu ɗaya ne, tasu ta fi daɗin baki.
Yesternight: daren jiya. Kada a haɗa ta da ta sama. Marece lokacin hira ne, dare kowa da abin da yake gani.
Ereyesterday: shekaranjiya. Sun yar da ita, yanzu sai sun tara kalma huɗu kafin su faɗi abin da Bahaushe ke faɗa da numfashi ɗaya. Wai su ne masu tattali.
Yesteryear: bara, ko kuma can baya, abin da ya wuce ya zauna.

Na ce oh Baba, wasu iyaye su bar wa 'ya'yansu garken shanu, kai ka bar mana gawarwakin kalmomi. Na mayar na ɗaure, don Gwaggo na kira.

Lahadi, 5 ga Mayu, hantsi

Ashe ban karanta ba, leƙawa na yi.

Bayan shafin farko, kowane shafi kwana ɗaya ne, da kwanan wata a sama. Kalmomin nan su ne kan magana, a ƙarƙashinsu kuma Hausa ce zalla. Ga ɗaya na watan azumin bara:

Yestermorn: Sauda ta ba akuya dussa. Ta ce ƙafarta ta hagu ta yi sauƙi.
Yestereve: Mun sha ruwa da kunun tsamiya. Abdulgafar ya kira, albasa ta yi kyau bana. Ta yi dariya da ya ce ya yi ƙiba.
Ereyesterday: Ikilima ta zo da ƙuli-ƙuli. A tuna mata, don kada Ikilima ta ji ba daɗi.

Ban taɓa jin ya kira sunanta ba. "Innar yara" yake cewa. A nan kuwa Sauda, Sauda, Sauda, kowane shafi.

A gefen wani shafi ya rubuta wa kansa: "Jiya ta yi mata girma, ba ta iya ɗaukarta gaba ɗaya. Sai na yanka mata gunduwa-gunduwa. In na dawo masallaci, kafin ta sa tozali, in zauna in karanta mata. Ta marece ta fi kamawa, wani lokaci ita ke ƙarasa mini. Ta safe sai na maimaita. Ta dare ba na karantawa." Na duba, gaskiya ne. Ƙarƙashin yesternight yawanci layi ɗaya ne: ta tashi tana neman uwarta, ko ta buɗe ƙofa za ta tafi Tursa, garinsu. Wannan don kansa ya rubuta.

Shi ya sa in mun kira da hantsi muke jin ta garau. "An ce albasa ta yi kyau," "An ce kin canza ɗaki." Mu kuma mu ajiye waya mu ce alhamdu lillahi Inna ta ji sauƙi. Ashe darasin safe take biya mana. Shekara biyu da wata uku, ba fashi ko na kwana ɗaya. Ni da nake taƙama da farin kaya da abin awon jini a wuya, ban gano ba.

Don haka ba Malam kaɗai take nema da safe ba. Mai kawo mata jiya take jira.

Litinin, 6 ga Mayu

Kunya nake ji. Ba ni da wani abin rubutawa.

Talata, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Na yi ta neman yesteryear a shafukan ban gani ba. Yau na juya littafi na bakwai ta baya, sai ga ta. Shafi huɗu ne kawai, kowanne da sunan wanda ya riga mu. Na ƙarshe Kawu Bube ne, ƙanen Inna na Tursa, wanda aka yi rashinsa bara da kaka. Na kwafe abin da Baba ya rubuta, don ina so ya shiga hannuna:

"Na yi kuskure. Kwana huɗu a jere ina gaya mata kamar sabon labari, ta yi kuka kamar ƙanne huɗu ta rasa. Na gwada cewa yana nan lafiya, ta ce a kai ta ta gan shi. Duka biyun zalunci ne. Abin da na gane: ba labarin ke kayar da ita ba, ɗaukar da take yi cewa yanzu ya faru, kuma ba ta yi masa komai ba. To ta riga ta yi. Aikina in mayar mata da abin da ta yi. In ta tambaya sai in ce: Bube ya koma ga Allah, an kwana biyu. Kin je Tursa, kin kwana uku. Ke kika daka gumbar sadaka da hannunki. Kin yafe masa rigimar gonar nan a gaban mutane. Kowa ya yaba haƙurinki. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta kan yi masa addu'a, wani lokaci hawaye kaɗan. Wanda ya san ya riga ya yi kuka ba ya farawa daga farko."

Na karanta sau uku. Abin da babba ya hango.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan magariba

Na ajiye wa Yaya littafin a kan tabarmarsa, a buɗe. Ya daɗe a zaure. Da ya fito idonsa ja. Ya ce, "Mu muna can muna aiko gaisuwa, shi shina nan shina wanga aiki shi kaɗai."

Na ce, "Yaya, maganar da niy yi Laraba waccan..."

Ya ce, "Bari. Ke kin hi ni baki, ni na hi ki taurin kai, duk wuri guda munka gado."

Da yamma ya je wurin limamin unguwa ya dawo. Liman ya ce kwanakin takaba na tafiya ko ta sani ko ba ta sani ba, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da ya manta. Gwaggo ta ji, ta ce to, amma ba ta fito da tandun ba. Ban matsa ba.

Yaya ya ce, "Ke za ki rubuta shahin Baba. Hannunki ya hi kama da nashi."

Na ce to. To ɗin baki ce.

Asabar, 11 ga Mayu, hantsi

Kwana uku ke nan ina rubuta mata jiya. Na sayo sabon littafi, na bi tsarinsa, har kalmomin nasa na ajiye, ko da yake ina jin kaina kamar mai sanye da babbar rigar wani. Tana saurara. Jiya da na ce da marece an yi iska har ta kayar da faifan Gwaggo cikin miya, ta ce, "Ta ko yi ta hwaɗa!" Ta tuna. Na kusa yin guɗa.

Amma tambayar na nan. In ta ce ina Malam, sai in miƙe in ce ana kirana, in bar Yaya da ita. Yana gwada yadda Baba ya yi, sai dai muryarsa na karyewa a tsakiya, ita kuma ta gane.

Shafin baya fari fat. Na rubuta yesteryear a sama, na tsaya. Ta yaya zan sa shi a can baya? A wurina ko shekaranjiya bai kai ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Fari.

Talata, 14 ga Mayu, bayan azahar

Akwai shafin da nake tsallakewa tun ranar da na buɗe littafi na bakwai. Na ƙarshe, wanda ya rubuta da safiyar Talatar, kafin ya fita. Na san abin da zan tarar a ƙarƙashin marece. Yau na ce ko me zai faru sai na duba.

Yestereve: Na kira Mashkura, ba ta samu ɗauka ba, tana kan aiki. Sauda ta ce a ƙyale yarinya, masu ciwo sun fi mu buƙatarta, Allah ya yi mata albarka. Na ce amin. Mun ci ɗanwake.

Shi ke nan. Mako uku ina ɗauke da kiran nan kamar dutse a ƙirji, ashe su sun sa mini albarka sun ci ɗanwakensu.

Na juya baya na rubuta shafin a zama ɗaya.

Laraba, 15 ga Mayu, hantsi

Tun asuba na je wurin Gwaggo na ce ta ba ni tandun. Ta dube ni, ta kwance lalita ta miƙo. Ta ce, "In ya ɓaci, ke da Allah." Na mayar da shi bakin taga.

Inna ta yi wanka, ta ɗauko shi, ta zauna ƙofar ɗaki. Kafin ta buɗe na zauna a gabanta da littafi. Ta ce, "Ina Malam?"

Na karanta. Na ce ya koma ga Allah, Inna, an kwana biyu. Na ce ke kika zaɓo likkafani cikin kayan da ya ajiye. Kin ce kin yafe masa duniya da lahira, kin roƙi mutane su yafe masa. Ɗalibansa sun zo daga Rabah da Goronyo har layi ya kai bakin titi, kin amsa gaisuwar kowa. An yi uku, an yi bakwai, kin sa hannu a gumba. Kowa ya yaba haƙurinki.

Yaya na tsaye a bakin zaure, Gwaggo ta bar tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Na yahe mishi?"

Na ce kin yafe.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi jiƙan Malam, mutumin kirki na." Hawaye biyu suka gangaro, ta share. Sai ta dubi tandun da ke hannunta. Ta ce, "Ashe takaba nika yi. Amshi wanga, aje man sai na hita." Ta miƙo mini da kanta. Na ji Gwaggo ta ja numfashi a bayana.

Na ɗauka an gama, na fara rufe littafi. Sai ta kama haɓata ta ɗaga, kamar yadda take yi in za ta duba ko na wanke fuska.

Ta ce, "Kin ce an kwana biyu, kin ce na yi haƙuri. To ke hwa? Idonki na jiya na. Ke ba ki yi naki ba ko?"

Na ce ban samu lokaci ba, Inna.

Ta ce, "Taho nan."

Ta ja kaina ta ɗora a cinyarta. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na dai san rana ta iso ƙofar ɗakin, kuma ba wanda ya ce mini sai haƙuri.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Ta tambaya. Na karanta, da ƙarin layi ɗaya a ƙasa: jiya da safe ke kika rarrashi Mashkura. Ta ce, "Ai dole, ɗiyar ubanta ta." Ta yi addu'a, ta miƙo tandun, ta ce a kawo mata koko da zafinsa.

Baba ya rasu ranar Talata, 23 ga Afrilu. Ga shi na rubuta. A littafin Inna yana can baya, inda ya koya mini in sa shi. A nawa har yanzu jiya da safe ne, kuma zan bar shi nan sai ya matsa da kansa.

Saura safiya ɗari da 'yan kai. Na mayar da tandun bakin taga, inda za ta same shi gobe ta miƙo mini da hannunta.